Aikin Sa Kai na Koyarwa a Gidan Yari: Yanayinsa, Iyakarsa da Gudummawar Kwalejojin Ilmi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan wani aiki wanda ba a cika tattauna shi ba a tarurrukan malamai irin wannan, watau aikin sa kai na koyar da ɗaurarru a gidajen yari na garuruwanmu. Ba ana nufin manyan gidajen yari masu matsanancin tsaro irin su Kirikiri ba. Ana nufin gidan yarin da ke cikin gari, wanda kowannenmu ke wucewa ta gindin katangarsa a kan hanyarsa ta zuwa kasuwa ko wurin aiki.

Abin da za a faɗa ya samo tushe daga wurare biyu. Na farko shi ne dokoki da tarihi, waɗanda kowa zai iya bincikawa. Na biyu kuwa shi ne ɗan abin da na gani da idona a matsayina na ɗaya daga cikin malaman da ke zuwa wani gidan yari ran Asabar don koyar da karatu da rubutu da lissafi. Ra'ayin da takardar za ta tsaya a kai shi ne, yawancin mazauna irin wannan gida masu jiran shari'a ne waɗanda ba wanda ya san ranar fitarsu, saboda haka duk aikin sa kai da ba a gina shi a kan wannan hali ba zai zama zuba ruwa a rariya, kome kyawun niyyar masu shi.

2.0 Ma'anar aikin da asalinsa

Aikin sa kai, a nan, shi ne mutum ya ba da lokacinsa da saninsa a kai a kai, bisa wani tsari da hukuma ta amince da shi, ba tare da biya ba. Ya kamata a bambanta shi da ziyarar alheri da attajirai da ƙungiyoyi kan kai da azumi ko da salla ko kirsimeti, inda akan raba abinci da sabulu, wani lokaci a biya wa wasu tara a sake su. Wannan ma alheri ne babba, amma na yini ɗaya ne. Ɗan sa kai shi ne wanda ɗaurarru suka san zai dawo mako mai zuwa.

Tarihin gyaran kurkuku a ƙasashen Turai ya nuna cewa sau da yawa mutanen waje ne suka fara buɗe ƙofa. A Ingila, John Howard ya zaga kurkukun ƙasar yana rubuta abin da ya gani, ya buga littafinsa a kan halin da suke ciki a 1777. Bayansa wata mata mai suna Elizabeth Fry ta shiga kurkukun Newgate na Landan a 1813, ta tarar da mata da 'ya'yansu a cunkushe, a 1817 kuwa ta kafa ƙungiyar mata masu ziyara, aka buɗe makaranta aka kuma soma koyar da ɗinki. A Amurka, wani baduku mai suna John Augustus ya tsaya wa wani mashayi a kotun Boston a 1841, ya ɗauki alkawarin kula da shi maimakon a ɗaure shi, daga nan ne tsarin sakin mai laifi bisa sa ido ya samo asali a can. A Japan kuwa an yi doka a 1950 wadda ta tsara aikin mutanen unguwa masu kula da waɗanda aka saka, kuma yawansu ya kai dubun dubata. Abin lura a duk misalan nan shi ne, naci ne ya sa aikinsu ya yi tasiri.

3.0 Gidan yari a ƙasarmu da abin da doka ta tanada

Sunan gidan yari kansa yana ɗauke da tarihi. Yari sarauta ce ta bafaden da Sarki ya damƙa wa tsaron ɗaurarru, don haka ne ma a tsofaffin birane akan sami kurkuku kusa da fada, kamar na Kurmawa a birnin Kano. Da Turawa suka zo sai suka bar gidajen yarin Arewa, galibinsu, a hannun En'e, har zuwa 1968 lokacin da Gwamnatin Tarayya ta haɗe su duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Dokar soja mai lamba 9 ta 1972 ita ce ta ci gaba da tafiyar da su har zuwa 2019, sa'ad da aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta sauya sunan hukumar zuwa Hukumar Gyaran Hali ta Nijeriya. Wannan doka ta ɗora wa hukumar nauyin samar wa ɗaurarru ilmi da koyon sana'a, ta kuma buɗe hanyar hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima. Har ila yau, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali.

A fagen duniya kuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta ƙa'idojinta na kula da ɗaurarru a 2015, ta sa musu sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 104 ta wajabta koyar da ɗaurarrun da ba su iya karatu ba da kuma matasa, ta kuma nemi a daidaita karatunsu da tsarin ilmin ƙasa don su iya ci gaba bayan sun fita. Ƙa'ida ta 88 ta nemi a jawo ƙungiyoyin al'umma su taimaka wa ma'aikata. Ke nan ɗan sa kai ba kutse ya yi ba, doka ta san da zamansa.

Akwai kuma abin yabo da aka riga aka yi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ta kafa cibiyoyin karatu a wasu manyan gidajen yari, kamar Kirikiri da Inugu da Kuje, inda ɗaurarru ke karatun digiri kyauta, har hukumar UNESCO ta ba da lambar yabo a kan wannan shiri a cikin jerin lambobinta na yaƙi da jahilci na 2018. To, amma mai karatun digiri ya riga ya gama sakandare, kuma yana da tabbacin shekarun da zai yi a ciki. Ɗalibin da wannan takarda ke magana a kansa wani ne dabam.

4.0 Su wane ne ɗaliban?

Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2023 da 2024 sun nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, watau ba a tabbatar musu da laifi ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauke su marasa laifi har sai kotu ta tabbatar. Wannan hali yana da sakamako uku ga malami.

Na farko, ajin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari yau, mako mai zuwa sai a ce an ba da belinsa, ko an mai da shi wani gari, ko ya tafi kotu. A madadinsa sai ga sababbi uku waɗanda ba su taɓa riƙe fensir ba. Da muka fara, mun shiga da manhajar ilmin manya ta watanni tara, wadda kowane darasi ya dogara ga na bayansa. Kafin mu kai tsakiyarta, fuskokin da muka fara da su 'yan kaɗan ne suka rage. Laifin namu ne, domin mun ɗauko tsarin da aka yi wa mazauna unguwa muka kai wa baƙi masu jiran mota a tasha.

Na biyu, shirye-shiryen koyon sana'a na gidan, irin su kafinta da ɗinki da dukanci, bisa al'ada waɗanda aka yanke wa hukunci ne suka fi cin moriyarsu, domin su ne aka san wa'adinsu, kuma ba a tilasta wa mai jiran shari'a aiki. Sai ya zamana mafi yawan jama'ar gidan su ne mafi zaman banza. Wannan giɓi ne ɗan sa kai ya fi dacewa ya cike.

Na uku, hankalin mai jiran shari'a ba ya tare da shi. Wanda aka ɗaure shekara uku ya san lissafinsa, ya haƙura. Wanda kuwa aka ɗage shari'arsa sau biyar, zuciyarsa na kotu, tana kuma gida wurin iyalin da bai san abin da suke ci ba. Malamin da bai fahimci haka ba zai ɗauka ɗalibin dolo ne ko mai taurin kai.

Akwai wani abu kuma wanda ya kamata malamai su lura da shi. Da yawa daga cikin waɗanda akan rubuta a matsayin jahilai sun yi makarantar allo, suna karanta Alƙur'ani, wasunsu ma suna rubuta wasiƙa da ajami. Mutumin da ya san cewa alama a kan takarda tana wakiltar sauti ya riga ya haye kogin da ya fi wuya. Abin da ya rage masa shi ne sauya baƙaƙe da sauya hannun da ake farawa. Na ga irin waɗannan sun kama karatun boko cikin 'yan makonni, alhali da an zaunar da su tare da wanda bai taɓa shiga kowace makaranta ba, da gundura ta kore su.

5.0 Yadda ya kamata a tsara darasi

Bisa ga abin da ya gabata, ga wasu ƙa'idoji da muka koma kansu bayan kuskurenmu na farko.

(a) Kowane zama ya zama cikakke a kan kansa. Ɗalibin da ya halarci zama ɗaya tak ya fita da abu ɗaya da zai amfane shi, ko da rubuta sunansa ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutumin da ya saba dangwala yatsa a kan takardar da bai san abin da ke cikinta ba, ranar da ya sa hannu da sunansa yakan ji ya zama mutum.

(b) A ɗauko abin karantawa daga buƙatar ɗalibi. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne karanta kwanan wata, don su san ranar komawarsu kotu, da rubuta lambar waya, da rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa gida, da lissafin uwar kuɗi da riba ga mai niyyar komawa kasuwanci. Littattafan 'yan firamare masu hoton yara da ƙwallo suna zubar da girman magidanci mai 'ya'ya biyar. Wannan darasi ne da masu Yaƙi da Jahilci suka gane tun cikin shekarun 1950, sa'ad da aka riƙa buga wa manya ƙananan littattafai a Zariya a kan noma da kiwon lafiya da sha'anin kasuwa.

(c) A rarraba manhaja gida-gida, kowane gida kamar mako huɗu, a kuma ba ɗalibi 'yar takardar shaida da ke nuna inda ya tsaya. In ya fita, sai ya kai ta ajin ilmin manya na unguwarsu ya ɗora. Hanyar tana nan, domin jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya tun 1980, sauran jihohi suka bi, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa tata a 1990. Abin da ya rage shi ne a ƙulla zumunci tsakanin ajin ciki da na waje.

(d) A horar da mataimaka daga cikin ɗaurarrun. Ɗan sa kai yana zuwa ne awa biyu a mako, sauran kwanaki shida fa? A kusan kowane ɗaki akwai wanda ya yi sakandare, wani lokaci ma har da tsohon malami. Malaman tarihin Musulunci sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, wasu kamammu sun fanshi kansu ta hanyar koya wa yaran Madina rubutu, kowanne yara goma. Ke nan tsararre ya zama malami ba baƙon abu ba ne a al'adar jama'armu. Sai dai a yi hattara wajen zaɓe, kada a ba wanda ya riga ya zama sarkin ɗaki ƙarin iko a kan 'yan'uwansa.

(e) A yi la'akari da tsaro wajen kayan aiki. Reza ta fiƙe fensir da almakashi da littafi mai ƙarfen waya duk abin hani ne, kuma da dalili. Akan ƙirga fensir a shiga da shi, a ƙirga a fita da shi. Allo da alli sun fi kome sauƙi.

6.0 Iyakar ɗan sa kai

A nan ne aka fi samun tuntuɓe, kuma tuntuɓen mutum ɗaya yakan sa a rufe wa kowa ƙofa. Hausawa sun ce baƙo rahama ne, amma sun kuma ce idon baƙo ba ya ganin gari. Ɗan sa kai baƙo ne a gidan da gandirobobi ke kwana suna tashi da nauyinsa.

Da fari, kada ya tambayi ɗalibi laifin da ya kawo shi. In ya sani, ko dai ya ƙi shi ko ya tausaya masa fiye da kima, duka biyun kuwa suna ɓata koyarwa. Bugu da ƙari, abin da mai jiran shari'a ya faɗa yana iya shafar shari'arsa.

Na biyu, kada ya zama ɗan aike. Roƙon farko kullum ƙarami ne: "Malam, don Allah ka kira mini wannan lamba, ka gaya wa mahaifiyata ina nan lafiya." Ni kaina na taɓa faɗawa cikin wannan. Na kira, aka yi mini godiya, mako mai zuwa sai ga mutum bakwai kowa da tasa lambar, ɗaya ma saƙonsa zuwa ga wani ne wanda daga baya na ji ashe mai ba da shaida ne a shari'arsa. Allah ya sa ban kira ba. Tun daga ran nan duk wanda ya kawo saƙo sai in raka shi wurin jami'in jin daɗin ɗaurarru, wanda aikinsa ke nan.

Na uku, kada ya yi alkawarin da ba shi da ikon cikawa, musamman a kan shari'a. Malami ba lauya ba ne. Abin da zai iya yi shi ne ya san inda ake kai kuka: Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi, da ƙungiyoyin lauyoyi masu aiki kyauta, da kuma ziyarar da Babban Jojin jiha kan kai gidajen yari don duba al'amarin waɗanda suka daɗe a tsare. In ya lura da wanda ya shekara ba a kai shi kotu ba, sai ya sanar da shugaban gidan a rubuce.

Na huɗu, ya girmama ma'aikata. Gandiroban da ya buɗe ɗakuna ya fito da mutum talatin ya tsaya a kansu awa biyu, ƙarin aiki aka ɗora masa, in kuwa wani abu ya faru shi za a tuhuma. Wasu ƙananan ma'aikatan ma suna ganin ana koyar da ɗaurarru kyauta alhali su suna fama da kuɗin makarantar 'ya'yansu. Gaisuwa da sanar da su tsarin aiki tun da wuri suna kawar da rabin matsalolin.

Na biyar, in aji na karatu ne, ya tsaya a kan karatu. Gidan yari yana tara Musulmi da Kirista, kuma akwai limamai da fastoci da aka ba lokacinsu na wa'azi.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka nauyi, kada ya yi fashi. Ɗalibin waje in malami bai zo ba sai ya tafi harkarsa. Na ciki kuwa tun daren Juma'a yake wanke rigarsa. Akwai Asabar ɗin da wani biki ya hana ni zuwa ban kuwa aika ba. Da na koma, wani dattijo a cikinsu ya ce da ni, "Malam, mun zaci kai ma ka gaji da mu." Kalmar "ma" ɗin nan ita ce ta tsaya mini a rai, domin tana nuna yawan waɗanda suka zo sau biyu suka ɗauki hoto ba a sake ganinsu ba. Wanda ya san ba zai jure wata shida ba, gara kada ya fara.

7.0 Shin aikin yana da amfani?

Wani zai ce, makarantunmu na waje ma ba su da isassun malamai, don me za a kai wa masu laifi? Amsa ta farko ita ce yawancinsu ba a tabbatar musu da laifin ba. Ta biyu ita ce kusan dukkansu za su fito, kuma unguwanninmu za su dawo. Cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta tattara nazarce-nazarce masu yawa a 2013, ta gano cewa ɗaurarrun da suka yi karatu a tsare, yiwuwar komawarsu kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin 100 in an gwada da waɗanda ba su yi ba. Tilas ne a yi taka-tsantsan da wannan adadi, domin an samo shi ne a wata ƙasa mai yanayi dabam, kuma mai yiwuwa ne waɗanda suka zaɓi yin karatun tun asali sun fi niyyar shiryuwa. Aikin masananmu ne su gudanar da irin wannan bincike a nan gida. Kafin nan, ya ishe mu hujja cewa mutumin da ya iya karanta takardar tuhumarsa ya fi wanda bai iya ba damar kare kansa.

8.0 Shawarwari ga kwalejojin ilmi

Garuruwa da dama da ke da kwalejin ilmi suna da gidan yari. Saboda haka ina ba da shawara kamar haka:

1. Kwaleji ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da shugaban hukumar gyaran hali na jiha, don aikin ya zama na kwaleji, kada ya mutu ranar da aka yi wa malami ɗaya canjin wurin aiki.

2. Sashen ilmin manya ya shirya gajerun darussa irin waɗanda aka bayyana a sama, cikin Hausa, tare da wani kashi na musamman don masu ajami.

3. A tura malamai biyu-biyu ga kowane aji, don in ɗaya ya sami uzuri ajin ya ci gaba.

4. In za a sa ɗalibai, a zaɓi manya masu natsuwa na ajin ƙarshe, a horar da su, kuma kada a tilasta wa kowa. Sashen mata kuwa, wanda yawanci ƙarami ne har akan manta da shi, a tura masa malamai mata.

5. A riƙa ajiye rajistar halarta da ci gaban kowane ɗalibi, ba tare da rubuta laifinsa ba, don masu bincike na gaba su sami abin dogaro.

9.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa aikin sa kai a gidan yari yana da tushe a tarihi da kuma doka, cewa ɗalibinsa na ainihi shi ne mai jiran shari'a, kuma cewa tilas ne darasi da halayen malami su dace da wannan ɗalibi. Abin da aikin ke nema bai wuce allo da alli da awa biyu a mako ba, sai kuma mutumin da zai dawo. Ina roƙon mahalarta wannan taro, musamman shugabannin sassa, kowa in ya koma ya nemi ganin shugaban gidan yarin garinsu ya tambaye shi mutum nawa ne a hannunsa ba su iya rubuta sunansu ba. Daga amsar da zai bayar ne aikin zai fara.